Yadda Ake Ɗaukar Hoton Karkara a Cikin Hazon Hunturu: Tsari da Zaɓin Launi

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen Maris, masu ɗaukar hoto da yawa a Kano da Zariya da Maraɗi kan ce ba lokacin hoton waje ba ne. Sararin sama ya yi fari fat, dutsen da kake hangowa kullum daga ƙofar gida ya ɓace, kuka ta kaɗe ganye, ciyawa ta bushe ƙayau. Ka ɗaga waya ka ɗauka, hoton ya fito dishi-dishi kamar an barbaɗa masa toka. Ni ma na daɗe ina ajiye kyamara sai damina, har na lura cewa hotunan da na fi komawa ina kallo a cikin tarina kusan duk na watan Janairu ne.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tana ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, arewa maso gabashin Tafkin Chadi. Wannan ƙura abu biyu take yi wa ido. Tana shanye launi, sannan gwargwadon nisan abu gwargwadon yadda take dusashe shi. Wanda ya ɗauki waɗannan biyun a matsayin matsala zai wuni yana kokawa da hazo, kuma hazon ne zai kayar da shi. Ni kuwa da su nake aiki, domin hazo ya riga ya share maka tarkacen da ke cika hoto, saura ka zaɓi abin da za ka ɗora a kan filin da ya share.

Mataki na 1: Duba irin hazon da aka tashi da shi

Ba kowace ranar hunturu ce iri ɗaya ba. Kafin ka fita, nemi wani abu da ka san nisansa, turken sadarwa ko hasumiyar masallacin Juma'a, ka ga yadda yake fitowa. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ma takan faɗi a hasashenta nisan da ido zai iya kaiwa a ranar.

In hazon ya yi kauri har ba a ganin abin da ya wuce kilomita ɗaya, irin ranar da ake soke tashin jirage a Kano, manta da hangen nesa. Ranar bishiya ɗaya ce, ko mutum ɗaya a kan keke. In matsakaici ne, ana gani har kilomita biyu zuwa biyar, to ka dace, ranar jera duwatsu da bishiyoyi sahu-sahu ke nan. In kuwa iska ta kwanta sama ta washe ta yi shuɗi, ka sami ranar launi, sai ka nufi ganuwa da gine-ginen ƙasa.

Na taɓa hawa Dutsen Dala da asuba a ranar hazo mai kauri, da niyyar ɗauko birnin gaba ɗaya har Goron Dutse. Na sauko da hotuna kusan hamsin, babu ko ɗaya da za ka ce ga abin da aka ɗauka. Da a gindin dutsen na tsaya na ɗaga kai, da na samu abin kirki.

Mataki na 2: Sammako, kuma ka san inda rana za ta ɓullo

A Kano, cikin Disamba da Janairu, rana kan fito tsakanin shida da rabi da bakwai saura minti goma, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe shida. Ka idar da sallar asuba ka kama hanya, ka isa wurin da rabin awa kafin fitowarta. A wannan ɗan tsakanin komai shuɗi-shuɗi yake, hayaƙin masu jin ɗumi da na mai shayi yana kwance ƙasa-ƙasa bai tashi ba.

A waɗannan watanni rana ba daga gabas sak take fitowa ba, ta karkata kudu sosai, haka kuma take faɗuwa kudu maso yamma. Ko da tsakar rana ba ta zuwa tsakiyar ka, shi ya sa inuwa ke faɗawa arewa. Bangon da ke kallon kudu shi ke shan haske duk wuni, wanda ke kallon arewa yana cikin inuwa. In ganuwa za ka ɗauka ko Hasumiyar Gobarau a Katsina, wannan ne zai gaya maka gefen da za ka tsaya.

Wata garaɓasa ta hunturu ita ce rana takan daɗe tana nan kamar faifai, ja ko fara, ba ta kashe ido, wani lokaci har awa guda bayan fitowarta. Kana iya sa ta cikin hoto ba tare da ta ƙone shi ba. Amma kada ka kalle ta ta ƙaramar tagar kyamara da gilashi mai jawo nesa, komai dusashewarta. Yi amfani da allon baya.

Mataki na 3: Zaɓi abu ɗaya

Taura biyu ba ta taunuwa. Kafin ka danna, faɗa wa kanka a jimla ɗaya abin da kake ɗauka: "kukar nan", "makiyayin can da sandarsa a kafaɗa", "rumbunan nan uku". In ka ji kana cewa "wurin nan dai ya yi kyau", ba ka samu ba tukuna, ci gaba da tafiya.

Abin da ke fita a hazo shi ne mai siffar da ake ganewa ko babu launi. Kuka ce sarauniyar wannan fanni, don ta tuɓe ganye ta bar rassa kamar saiwoyi a sama. Giginya da goruba ma haka, sai rimi irin na Zariya, da raƙumi, da amalanken shanu, da karan dawa da aka jingina tsaye a gona. Darbejiya kuwa, duk da tana nan kore shar, curi guda take fitowa, ba ta da wata siffa.

Da ka samu abin, zagaya shi. Nemi inda zai rabu da abin da ke bayansa, kada reshen kuka ya shige cikin wata bishiya, kada turken wuta ya tsiro a kan mutum. Sau da yawa durƙusawa kawai za ka yi, abin ya hau sama ya tsaya shi kaɗai a kan farin hazo. Sannan bi gefunan hoton huɗu da ido. Baƙar leda da ta maƙale a ƙaya ita ce babbar abokiyar gabarmu a wannan ƙasa, ba ka ganinta sai ka koma gida. In kusa take, je ka cire ta da hannu.

Mataki na 4: Jera sahu

Nan ne hunturu ya fi kowane lokaci. Hoto shafaffen abu ne, ba shi da zurfi, sai ka yi wa ido dabara kafin ya yarda cewa wani abu na kusa wani na nesa. A damina, da iska take garau, dutsen da ke kilomita biyar da bishiyar da ke gabanka duk da ƙarfi ɗaya suke fitowa, su cakuɗe. A hunturu kuwa hazo ya raba maka su: na kusa baƙi, na bayansa ruwan toka mai duhu, na bayan wannan ya fi haske, har na ƙarshe ya narke cikin sama.

Ga yadda za ka yi. Nemi aƙalla sahu uku. A sahun gaba ka sa abu mai duhu da ke kusa da kai, taku biyar zuwa ashirin, kamar dutse ko kututture ko shingen kara. A sahun tsakiya ka zaunar da abin da ka zaɓa a mataki na uku. A baya kuma tudu, ko layin bishiyoyi, ko rufin gari. In babu abu mai duhu a gaba, ido ba shi da ma'aunin da zai gane hasken baya da shi, sai hoton duka ya zama toka. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi na yi a kan Dala.

Fuskanci wajen da rana take, ko ka bar ta a gefenka. Hasken da ke ratso ƙura daga baya shi ke raba sahu da sahu. In ka ba rana baya, hazon zai yi fari ya shafe komai daidai wa daida.

Sai ka jawo nesa. Gilashi mai faɗi, wanda waya ke buɗewa da shi, yana ƙanƙantar da duwatsun nesa su zama ɗan layi. Mai jawowa, daga milimita 70 zuwa 200 a kyamara, ko 2x da 3x a waya, yana matso da sahun baya ya jingina su da juna. In wayarka ba ta da gilashin jawowa na musamman, kada ka wuce 2x da yatsa, hoton zai farfashe. Wuraren da wannan ke yin kyau suna da yawa: Dutsen Kufena daga gonakin da ke kewaye da shi, duwatsun garin Dutse da dabinon da ke tsakaninsu, tsaunukan Shere a Jos, Dutsen Zuma daga hanyar Kaduna da sassafe lokacin da gindinsa ya ɓace kansa kaɗai ke shawagi. A bakin ruwa kamar Tiga, masunci a kwalekwale shi ne sahun tsakiya, tsallaken kuma na baya.

Hanya ma tana taimakawa. Turbar shanu, ko kunyoyin gonar da aka girbe, ko bakin rafi, in ta taso daga kusurwar ƙasa ta hoton ta nufi abin da ka zaɓa, ido zai bi ta har can. A hazo ƙarshen hanyar ɓacewa yake yi, kuma wannan ɓacewar kanta abin kallo ce.

Mataki na 5: Raba sama da ƙasa

Kunna layukan da ke raba allo gida tara, suna cikin saitin kowace kyamara da waya. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a ɗora abin a mahaɗar layuka maimakon tsakiya, kuma tana aiki. Amma a hunturu tambayar da ta fi wannan ita ce sama nawa za ka bari, tunda babu gajimare, fili ne kawai.

Hanya biyu ce. Ko ka rage shi ya zama kashi ɗaya cikin biyar, ka cika hoton da ƙasa da sahunta, ko ka sake masa ya ci kashi huɗu cikin biyar, bishiya ɗaya ƙarama a can ƙasa, ta yadda faɗin wurin da shirunsa za su fito. Rabi da rabi ne ba ya yi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, gwada duka biyun ka duba. In mutum ko dabba na tafiya, bar fili a gabansa fiye da bayansa.

Mataki na 6: Launi

Tsaya ka ƙirga launukan da ke gabanka: ruwan ƙasa, ruwan toka, rawayar busasshiyar ciyawa, jan birji. Duk dangi ne, ba sa faɗa da juna. Saboda haka zaɓinka uku ne.

Na farko, ka bar su a danginsu, hoton duka ya tafi a launi ɗaya daga mai duhu zuwa mai haske. Ginin ƙasa da aka shafe da makuba, da turɓaya a gabansa, da sama mai ruwan madara, sun isa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, da ƙasar da aka gina ta da ƙurar da ke bayanta kusan launinsu ɗaya, kuma hakan ne kyanta. A irin wannan hoto, ɗigon wani launi na daban, ko da bokitin roba ne, ya ɓata shi.

Na biyu, wanda na fi so, ka bar danginsu su cika hoton sannan ka shigo da baƙo ɗaya tak. Shuɗi ne ya fi kowa, domin shi ne kishiyar ruwan goro da ruwan ƙasa, in suka haɗu kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Rawanin Buzu, ko ƙyallen da aka tsamo daga marinar Ƙofar Mata aka shanya, ko riga mai shuni a jikin mai tafiya a gindin ganuwa, ko ƙanƙani ne a hoton ido can zai fara sauka. Ja ma haka. A yankin Kadawa da Kura, a hanyar Kano zuwa Zariya, in tumatir ya yi yawa za ka ga an shanya kauɗa da tattasai a ƙasa fili guda, ja wur a tsakiyar toka. A cikin birni kuwa, A Daidaita Sahu guda ɗaya, rawaya, yana fitowa daga hazo ya wadatar. Goma kuma sun zama cunkoso.

Kore yana da nasa labarin. Gawo bishiya ce mai saɓa wa 'yan'uwanta, da damina take kaɗe ganye, da rani ta yi lif. Saboda haka a Janairu za ka samu gawo kore a tsakiyar gonar da babu ko tsinke, sau da yawa da awaki ko shanu a ƙarƙashinsa suna jiran abin da zai faɗo. Hoto ne da ya haɗa kansa. Haka fadama da lambun noman rani, alkama ko albasa, layi ɗaya kore tsakanin busassun gonaki. Ka sa wannan layin ya ratsa hoton, kada ya cinye shi.

Akwai kuma sanyi da ɗumi a hoto ɗaya. Kafin fitowar rana, hazo da hayaƙi shuɗi-shuɗi suke, wutar da ake jin ɗumi kuwa ruwan goro. Minti goma zuwa sha biyar kawai wannan ke ɗauka, daga nan gari ya waye shuɗin ya tafi.

Na uku, ka zubar da launin gaba ɗaya ka koma baƙi da fari. Ranar hazo mai kauri, ko tsakar rana da launin ya zama wani iri marar daɗi, wannan ce mafita. Fararen shanu da balbelu a kan dajin da aka ƙona, ko rassan kuka a kan farin sama, ba sa bukatar launi.

Mataki na 7: Saita kyamara

Kyamara tana ɗauka cewa duk abin da ke gabanta matsakaicin toka ne. In hazo mai haske ya cika hoton, sai ta rage haske, ya fito da datti. Ƙara mata da kanka: a maɓallin da ke da alamar +/- ka kai +0.7 ko +1. A waya, taɓa allo, ka ja alamar rana sama kaɗan. In kuwa rana na cikin hoton kuma so kake bishiya ta fito baƙa ƙirin, sai ka yi ƙasa, -0.7 zuwa -1.

Sai ma'aunin fari, wanda ake rubuta WB. In ka bar shi a kan Auto, kyamara za ta ga rawayar ƙura ta ɗauka kuskure ne ta wanke ta, ɗumin da ya sa ka tsaya ya tafi. Shiga Pro a waya, ko saitin kyamara, ka sa 5500K don launin ya zo yadda ido ya gani. In kana son ƙarin ɗumi da yamma, 6000 zuwa 6500. Da asuba, in kana son shuɗin ya zauna, sauko wajen 4500.

Sauran a taƙaice: ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 100 ko 200, ƙofar haske f/8, kuma in ka jawo har milimita 200 a hannu, kada saurin ɗauka ya gaza 1/250. Guji f/16 da f/22, domin a nan ne duk ƙurar da ta shiga cikin kyamara ke fitowa ɗigo-ɗigo a sararin sama. In kyamara ta kasa kama abu tana kai da komo, ɗora mata a gefen bishiya ko dutse inda duhu ya haɗu da haske. In akwai RAW, wato tsarin ajiye hoto ɗanye kafin kyamara ta sarrafa shi, ɗauka da shi, zai ba ka damar gyara launi daga baya. Gilashin da ake ɗaurawa don ƙara shuɗin sama ba ya wani tasiri a kan ƙura, kada ka wahalar da aljihunka.

Mataki na 8: Gyara da sauƙin hannu

A manhajar gyaran hoto ta Lightroom akwai wani maɓallin ja mai suna Dehaze, aikinsa cire hazo. Shi ne ya fi lalata hotunan hunturu. Ka ja shi da yawa, sama ta yi dabbare-dabbare, sahun da ka sha wahalar jerawa su koma ƙarfi ɗaya. In za ka taɓa shi, kada ka wuce 10, ko ka shafa shi a sahun gaba kaɗai. Abin da ya fi shi ne ka ɗan ƙara duhun abin da ke kusa, ka bar na nesa yadda yake. A manhajar Snapseed ma ana iya wannan da burushi.

Kada ka ƙara ƙarfin launi ga hoton duka, turɓaya za ta koma kamar garin barkono. In rigar shuɗiya ce kake so ta fito, ɗaga shuɗi kaɗai. Daga nan ka daidaita karkata, ka goge ɗigon ƙura, ka tsaya.

Ga wanda ke ƙasar dusar ƙanƙara

Ɗalibanmu da 'yan ci-rani a Rasha ko Kanada ko Turkiyya, kusan duk abin da ke sama ya shafe ku, don dusar ƙanƙara ma share fili take yi ta bar siffa. Bambancin kaɗan ne. Ƙarin hasken ya fi yawa, +1 har zuwa +2, in ba haka ba farin ya fito toka. Inuwa a kanta shuɗiya ce, saboda haka baƙon launin da za ka nema mai ɗumi ne, jar riga ko fitilar taga. Kada ka tattaka wurin da zai zama sahun gabanka kafin ka ɗauka. Sanyi na shanye batir, ajiye na biyu a aljihun ciki. Kafin ka shiga ɗaki mai ɗumi, rufe kyamara a jaka ta ɗumama a hankali, kada raɓa ta kwanta mata a ciki.

Ƙura, da mutane

Kada ka canza gilashi a fili iska na busawa, shiga mota ko ɗaki. In ƙura ta hau gilashin, fara hure ta da ɗan famfon roba kafin ka kai ƙyalle, domin ƙurar nan yashi ce, gogewa da bakin riga karce take bari. Wayar ma haka. Da ka gama ɗauka mayar da ita jaka.

In mutum zai fito a gane shi, yi sallama ka nemi izini, musamman mata da yara, kuma a ƙauye fara gaida mai unguwa. Nuna wa makiyayi hoton a allo, sau da yawa shi da kansa zai juya maka garken. Nisanci barikin soja da shingen jami'an tsaro da filin jirgi. Kafin ka shiga dajin da ba ka sani ba da asuba, tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki, kuma kada ka tafi kai kaɗai.

In Fabrairu ta yi nisa, sanyi zai fara ja da baya, hazon safe ya rage kauri, mangwaro ya cika da fure, ɗorawa ta fara sako jajayen furanninta masu lilo kamar tuntu. A waɗannan makonni ne za ka haɗa jan ɗorawa da farin hazo a hoto ɗaya, don haka tun yanzu ka nemi bishiyar da za ka koma wa, ka san gefen da rana ke fito mata.